Daga sankira zuwa saƙon murya: Kafofin labaran al'umma da zaman lafiya a yankin Tiga

Idan aka ce kafar yaɗa labarai ta al'umma, ana nufin wadda mutanen wani gari ko yanki suka mallaka, suke tafiyar da ita da kansu, da harshen da suke ciniki da shi a kasuwa, ba kuma don cin riba ba. Galibi ƙaramin gidan rediyo ne da zangonsa bai wuce 'yan ƙananan hukumomi ba. Yarjejeniyar Afirka kan watsa shirye-shirye, wadda aka amince da ita a birnin Windhoek na Namibiya a 2001, ta kasa gidajen rediyo da talabijin gida uku: na hukuma, na 'yan kasuwa, da na al'umma. Na ukun nan shi ne ya fi ƙaranci a Nijeriya.

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga da kudancinta, muryar da ta fi cika kunnen jama'a daga birnin Kano take fitowa, ko daga Kaduna, ko daga ƙetare. Mutanen yankin ma'abota sauraro ne ƙwarai. Sai dai ranar da rikici ya tashi a ƙofar gidansu, ba kasafai waɗannan kafofin ne ke fara ba su labari ba. Mai babur ne, ko direban tasha, ko saƙon muryar da wani ya turo a WhatsApp.

Abin da ake saɓani a kai

Garin Tiga yana cikin ƙaramar hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma tsara tafkinta don ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ruwan nan ne ke ciyar da shirin noman rani na Kogin Kano a Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Gina madatsar ya tashi ƙauyuka, ya shafe fadamun da dabbobi ke kiwo da rani, ya kuma rage ambaliyar da manoma da masunta na dausayin Haɗeja zuwa Nguru ke dogaro da ita. Tun daga lokacin, ranar da za a buɗe ruwa da ranar da za a rufe shi ta zama maganar abinci ga dubban gidaje. Manomin tumatir da bai ji sanarwar rufe ruwa a kan lokaci ba, ya yi asarar irinsa da takinsa da bashin da ya ci, kuma wanda zai fara zargi shi ne maƙwabcinsa na saman magudana.

Akwai kuma tsoron fashewa. Madatsar Bagauda, a cikin Bebeji, ta ɓalle a watan Agustan 1988 ta yi ɓarna mai yawa, kuma dattawan yankin ba su manta ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri a Satumbar 2024, duk garin da ke ƙasan babbar madatsa a Arewa ya kwana da ido ɗaya.

Can kudu, dajin Falgore ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya haɗe da dazukan Bauci da Kaduna, kuma hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta tsakiyarsa. Wajen 2015 da 2016 ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har sojoji suka shiga da atisaye a 2017, aka kuma mayar da wani ɓangarensa filin horo. Waɗanda satar shanun ta fi cuta makiyaya ne, amma su ne kuma aka fi yi wa kuɗin goro wajen zargi. A Kiru, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ware dajin Ɗansoshiya don tsugunar da makiyaya. Tsakanin dazukan biyu akwai burtalai da mashaya da gonaki suka cinye sannu a hankali, kuma kowace kaka sai an ji ƙarar ɓarna a gaban dagaci.

Yankin ba na ƙabila ɗaya ba ne, ba kuma na addini ɗaya ba. Akwai Hausawa da Fulani Musulmi, su ne mafiya yawa. Akwai Hausawa Kirista da Maguzawa. Akwai Kurama a wajen Doguwa, inda tsohon garin haƙar kuza na Riruwai yake. Siyasarsa kuma mai zafi ce. Mazaɓar Kiru da Bebeji ta sha zaɓen da kotu ta soke, aka sake shi a Janairun 2020. Ko masarautar da ƙananan hukumomin huɗu suke ƙarƙashinta ta sauya sau biyu cikin shekara biyar: dokar 2019 ta sa su a masarautar Rano, dokar 2024 ta dawo da su Kano.

Kafofin da suka riga rediyo

Kuskure ne a ɗauka cewa inda babu eriya babu kafar labarai. Ƙasar Hausa ta daɗe da tsarin isar da saƙo: daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sannan sankira ko mai shela ya zaga gari. A ruga, arɗo ne ke riƙe da wannan matsayi. Sanarwar bayan sallar Juma'a da ta bayan sujadar Lahadi, lasifikar masallaci, ranar kasuwa a Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora, majalisar mai shayi, taron suna da na biki inda mata ke musayar labari, duk kafofi ne, kuma har yau suna aiki.

Ƙarfin waɗannan kafofi ɗaya ne: an san mai magana. Sankiran da ya yi shelar ƙarya gobe zai haɗu da waɗanda ya yaudara a bakin rijiya. Rauninsu kuma shi ne kowace tana magana da nata mutanen kaɗai. Abin da aka faɗa a masallacin gari ba lallai ya kai ruga ba, abin da aka faɗa a coci ba ya shiga majalisar tasha. Rikici kuwa a tsakanin waɗannan da'irori yake tashi, daidai inda saƙo ba ya tsallakawa.

Wayar salula ta zo ta rushe katangar ta wata fuska, ta ƙara mata tsawo ta wata. Saƙon murya bai buƙatar karatu, don haka ya isa inda jarida ba ta taɓa isa ba. Amma ya zo ba tare da fuskar mai magana ba. Ba a san wanda ya fara naɗa ba, ba a san ranar ba, ba a san garin ba. Kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda tun Janairun 2019, sai dai a ƙauyen da kowa ke cikin zauren unguwa da na jam'iyya da na ƙungiyar manoma, biyar ma sun isa su zaga gari kafin azahar.

Ranakun da jita-jita ta riga gaskiya

A ƙarshen Satumbar 2007, zargi ya fito daga wata makarantar sakandare a garin Tudun Wada cewa wani ɗalibi Kirista ya yi zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Kafin hukuma ta tantance abin da ya faru, maganar ta fita daga makaranta ta shiga gari. An kashe mutane, an ƙona coci-coci da shaguna da gidaje, iyalai da dama suka bar garin. Lokacin nan babu WhatsApp, Facebook ma bai shigo karkara ba. Baki da ƙafa kaɗai suka wadatar. Abin da garin ya rasa a sa'o'in farko shi ne murya guda da kowane ɓangare zai ji a lokaci ɗaya, wadda za ta sa shugaban makaranta da limami da fasto da baturen 'yan sanda su faɗi abin da suka sani da abin da ake kan bincikawa.

Shekara goma sha shida bayan haka, garin ya sake shiga labarai. Washegarin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, ana cikin tattara sakamakon mazaɓar Tudun Wada da Doguwa, rikici ya ɓarke, aka cinna wa ofishin jam'iyyar NNPP wuta, aka rasa rayuka. 'Yan sanda sun kama Alhassan Ado Doguwa, shugaban masu rinjaye na Majalisar Wakilai a lokacin, a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, aka gurfanar da shi, ya musanta zargin. Ya ci zaɓen cike giɓi a watan Afrilu, kuma a watan Mayu babban lauyan gwamnatin jihar ya ce babu hujjar da za ta isa a ci gaba da tuhumarsa. A makonnin nan duka, alƙaluman mamata na 'yan sanda daban, na 'yan adawa daban, hotunan da ke yawo a waya kuma kowa da fassarar da yake musu. Mafi yawan rahotannin daga birni aka rubuta su, ta wayar tarho, daga bakin kakakin wannan ɓangare ko wancan.

Hatsarin hotuna marasa asali ba zato ba ne. A Nuwambar 2018 sashen bincike na BBC ya nuna cewa wasu hotunan da aka yaɗa a Facebook a watan Yunin shekarar, da sunan kashe-kashen gundumar Gashish ta Jihar Filato, ba daga can suke ba. Ɗaya ma tsohon bidiyo ne daga Kwango. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen tunzura masu tare hanya da suka riƙa fito da matafiya daga mota suna kashewa. Direbobin da ke lodi daga Kano su ratsa Falgore zuwa Jos sun san abin da wannan ke nufi ga wuyansu.

Akwai kuma misalin da wutar ba ta kama ba. A ƙarshen Maris 2025, ana gab da ƙaramar Sallah, aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyar dawowa gida daga Fatakwal. Da yawansu 'yan Torankawa ne a Bunkure. Bidiyon kisan ya shiga kusan kowace waya a Kano, kuma waɗanda suka tuna ramuwar gayyar da aka yi a birnin a Mayun 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, sun shiga fargaba. Ba a yi ramuwa ba. An kama waɗanda ake zargi cikin kwanaki, shugabanni da malamai suka yi ta kiran a kai zuciya nesa, Gwamna Monday Okpebholo na Edo ya zo Kano, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je Torankawa ta'aziyya. Gidajen rediyo da jaridun intanet na Kano sun kai kowane mataki kunnen jama'a da Hausa, da muryoyin iyalan mamatan. Fushin bai gushe ba, maganar diyya da shari'a kuma ta ci gaba da jan ƙafa, amma jita-jita ba ta samu filin da babu kowa a ciki ba.

Rediyon birni: amfaninsa da iyakarsa

Arewa ta daɗe da rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma sanarwar cigiya, ta yaro ko ta saniyar da ta ɓata, tana cikin tsofaffin hidimomin da rediyo ke yi wa talaka. Buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 ya sauya salon gaba ɗaya. Shirin Inda Ranka ya koya wa mutane cewa ana iya kai ƙarar hukuma gaban makirufo, kuma sau da dama a ga sakamako. Bayansa tashoshi masu zaman kansu suka yawaita. Kusan dukkansu a cikin birni suke. Ta gwamnatin tarayya, Pyramid FM, ita ce ke Madobi.

Nisan nan yana da tasiri. Daga birni zuwa Falgore kusan kilomita 150 ne, Riruwai kuma ta fi haka. Tura wakili can kuɗin mota ne da yini guda, ga tashar da ke fama da kuɗin man janareta. Saboda haka kudancin Kano kan shiga labarai idan an yi kisa, ko ambaliya, ko ziyarar gwamna. Zaman sulhun da dagaci da arɗo suka yi aka biya diyyar dawa buhu uku aka rabu lafiya, ba ya shiga. Mai sauraro a ruga da mai sauraro a gari duka suna tashi da jin cewa faɗa shi ne al'ada, sulhu kuma baƙo, alhali a zahiri akasin haka ne.

Ga kuma sojojin baka. Haka Kanawa ke kiran masu sayen fili a rediyo, ko a saya musu, su yabi ubangidansu su ci mutuncin abokin hamayyarsa. Kuɗin filin siyasa na cikin abin da ke riƙe da tashoshi da yawa, shi ya sa tsawatar musu ke da wuya. Kalaman da aka furta a ɗakin watsa shiri a birni, a matsayin raha ko gugar zana, a ƙauye sukan sauka a kan mutanen da ke zaune layi ɗaya, masu aure a gidajen juna. A Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye, bayan wani zama da shugabannin kafofin yaɗa labarai. Ƙungiyoyin lauyoyi da na 'yan jarida sun soki matakin, suna cewa hukumar NBC ce kaɗai doka ta ba ikon sa ido kan gidajen rediyo. Suna da gaskiya a nan: cutar ta tabbata, amma gwamnati mai ci, wadda ita ma tana da nata sojojin, ba ita ce likitan da ya dace ba.

Kano ta taɓa ganin inda magana a rediyo ta zo daf da jini. A Fabrairun 2013, kwanaki kaɗan bayan shirin Sandar Girma na tashar Wazobia ya soki rigakafin shan inna, 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin. An gurfanar da ma'aikatan tashar, NBC kuma ta dakatar da lasisinta. Mutane sun yi ta muhawara kan ko akwai alaƙa tsakanin shirin da harin, amma darasin ya zauna a zukatan masu gabatar da shirye-shirye. A duniya, misalin da ake bugawa shi ne tashar RTLM ta Ruwanda, wadda ta riƙa ambaton sunayen waɗanda za a kashe a 1994, har kotun ƙasa da ƙasa ta ɗaure jagororinta a 2003. Maƙwabciyarta Burundi ta gwada akasin haka a 1995 da Studio Ijambo, inda ɗan jarida Bahutu da Batutsi ke fita ɗaukar rahoto tare, kowa na zama shaidar ɗan'uwansa.

Abin da Nijar ta gwada

Ba sai an je Burundi ba. A Oktoban 1991, a ƙauyen Toda na jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Shekara biyu bayan haka Nijar ta kafa dokar tsarin karkara ta 1993, wadda ta samar da kwamitocin filaye tun daga ƙauye, ta kuma ba burtali da mashaya matsayi a doka. Kowace shekara hukumomin jiha kan zauna da wakilan manoma da na makiyaya da sarakuna su tsayar da ranar sakin gonaki, wato ranar da dabbobi za su iya shiga cin kara bayan an kwashe amfani.

Ranar da ba a ji ta ba kuwa ba ta da amfani. A nan rediyon karkara ya shigo. Na farko an buɗe shi a Bankilare a 1999, yana aiki da hasken rana, kuma cikin 'yan shekaru irinsa suka haura 100 a faɗin ƙasar. Su ne ke maimaita ranar sakin gonaki da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Buzanci, su yi cigiyar dabbobi, su faɗi inda aka kafa alamomin burtali. Tun 2016 Studio Kalangou da ke Yamai ke haɗa labarai da harsunan ƙasar yana raba wa irin waɗannan tashoshi. Rikici bai ƙare a Nijar ba, kuma tashoshin da yawa suna fama da lalacewar kayan aiki da rashin albashi. Amma sun nuna cewa babban aikin rediyon al'umma a fagen zaman lafiya ba wa'azin zaman lafiya ba ne. Sanarwa ce mai ranar wata da sunan wuri, daga bakin wanda aka sani, ta isa gari da ruga a sa'a ɗaya.

Idan aka auna da yankin Tiga, jerin abin da irin wannan tasha za ta riƙa faɗa a bayyane yake: jadawalin sakin ruwa daga hukumar kogunan, matsayin ruwa a madatsa cikin Agusta da Satumba, ranar da dagatai da arɗaɗe suka amince a saki gonaki, shanun da aka tsinta da inda aka ajiye su, sakamakon kowace rumfar zaɓe kamar yadda aka liƙa shi a bango. Harshen Fulatanci na da muhimmanci a nan. Hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa ta daɗe tana gabatar da shirin Don Makiyaya a Ruga a rediyon Kaduna, amma da gwamnatin tarayya ta sanar a 2019 cewa ta samo lasisin tashar da za ta yi magana da makiyaya da harshensu, sai maganar ta rikiɗe ta zama cacar baki ta ƙasa baki ɗaya. Abin da ya gagara daga Abuja, mai yiwuwa ya fi sauƙi a tashar da manomi da makiyayi ke zaune a kwamitinta.

Doka, lasisi, da mai biyan kuɗin mai

Nijeriya ta makara a wannan fage. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ce ta kafa NBC ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, amma sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya bar ikon amincewa da mallakar gidan rediyo ko talabijin a hannun shugaban ƙasa. Masu fafutuka sun fara neman a ba al'ummomi lasisi tun 2003. Shugaba Goodluck Jonathan ya yi alƙawari a 2010, amma sai a Mayun 2015, yana gab da barin mulki, aka amince da lasisi 17 na farko ga ƙasar baki ɗaya. Tashar Lavun da ke Kutigi a Jihar Neja na cikin waɗanda suka fara aiki. Kafin nan, abin da ake kira rediyon al'umma a Nijeriya tashoshin jami'o'i ne, irin ta Jami'ar Legas da ta Jami'ar Bayero.

Dokar NBC ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi, kuma ƙa'idar rediyon al'umma ita ce ya kasance mallakar ƙungiyar jama'a mai rajista, ba ta mutum ɗaya ba. A takarda ke nan. A aikace, wanda ya sayi na'urar watsa shiri, ya gina ɗaki, yake zuba mai a janareta, shi ne mai tasha ko da sunansa bai fito a takardar rajista ba. A mazaɓun da ɗan majalisa ya fi kowa kuɗi, ba a buƙatar dogon tunani kafin a gane wanda zai fara miƙa hannu. Tashar da aka kafa ta haka a Tudun Wada ko Kofa za ta zama barikin sojojin baka ne kawai da aka matso da shi kusa da gida, kuma ɓarnarta za ta fi ta birni, domin ta san sunan kowa da gidan ubansa.

Hanyoyin kauce wa hakan sanannu ne daga ƙasashen da suka riga mu. Faranti masu amfani da hasken rana suna rage dogaro da mai kuɗi. Kuɗin sanarwar ɗaurin aure da suna da ta'aziyya da cigiya ƙanana ne, amma daga hannu da yawa suke fitowa, don haka babu mai iya cewa shi ya saya. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwan noman rani, da na masu shinkafar Tudun Wada, da na masuntan Tiga, da reshen Miyetti Allah, da ƙungiyoyin mata, kowace na iya biyan kaso ta kuma samu kujera a kwamitin amintattu. Sai a rubuta tun ranar farko cewa ba a sayar da fili ga ɗan takara, in za a yi muhawara a gayyato duka a ba su mintuna daidai, kuma duk labarin da ya shafi rai ko addini ba ya fita sai an ji daga ɓangarori biyu. Babban zaɓe na gaba a 2027 yake, kuma kafin nan yankin zai ga kaka da buɗe ruwan rani kamar kowace shekara.